Dakalan Gdansk da Soron Kakana

Masu bibiyar labarina, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta tambaya ko Turawan Poland sun riƙe ni ne. Ba wanda ya riƙe ni, na dawo Greenbelt lafiya lau, gajiyar jirgi ce ta kayar da ni. Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Ramla, ina karatun zanen gine-gine a nan Maryland, ɓangaren raya tsofaffin gidaje. Babana, Alhaji Maitama, ɗan jarida ne a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Sai kuma Fatihu, injiniyan gini da yake zuwa wurina daga Landover, wanda nake so, ba zan tsaya ina yi muku kwana-kwana ba.

Damuwata gidan kakana Malam ne da ke Daneji a cikin birnin Kano, inda aka haife ni, na yi wayo kafin a kawo mu Amurka. Gidan ƙasa ne, da zaure, da soro mai ɗaurin guga, da zankwaye a kansa, da dakali a ƙofa. Tun da kakata Inna ta rasu babu kowa a ciki, rufin ya fara yoyo, sai Baffa Ilu, ƙanin Baba, ya kawo shawarar a rushe a tada bene, shaguna a ƙasa, haya a sama. Dangi duk sun yarda, amincewar Baba kawai ake jira tunda shi ne babba. Fatihu kuwa, garin neman shiga wurin suruki, ya ce shi zai zana sabon ginin. Watanni ya yi yana duƙufe a kai bayan ya taso aiki. Shi a Kaduna ya tashi, a kwatas, bai taɓa kwana a ɗakin ƙasa ba, don haka ban ga laifinsa ba. Amma duk sanda na tuna za a sa katafila a soron nan sai in ji abinci ya fita raina.

Ina cikin wannan hali makaranta ta kai mu birnin Gdansk ganin gine-gine. Daga can na dinga tura wa Fatihu hotuna a waya, ko zai gane inda na dosa.

"Kalli ƙofar gidajen nan," na rubuta masa.

"Sun yi kyau. Amma a ina suke ajiye mota?"

"Fatihu."

"Na'am, gimbiya. Kin ci abinci? Ko yau ma kifi da dankali?"

Kun ji mutumin da nake so. Ka nuna masa abin da ya shekara ɗaruruwa, shi wurin fakin yake nema.

Lahadin da ta biyo bayan dawowata aka sa zai kawo zanen da ya kammala, Baba ya duba, ya kira Baffa ya ce a fara rushewa. Tun da safe Mama ta hana kanta sakat. Ta yi waina da miyar taushe, ta haɗa zoɓo da abarba, ta share kafet ɗin falo har ta gaji, sannan ta hau kujera ta ɗaura leda a kan na'urar hayaƙi, don in ba haka ba turaren wutarta yana tashi na'urar za ta tara mana maƙwabta. Ni kuma na sa doguwar rigar atamfa shuɗiya mai zanen ganye, na yafa farin mayafi, na maƙala ɗan kunnen amba da na sayo, wani abu mai ruwan zuma da teku ke fitarwa a can.

Ina gaban madubi ta shigo ta tura ƙofa. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana.

"Ke, tsaya in faɗa miki. Na ga take-takenki tun da kika dawo."

"Me na yi, Mama?"

"Ba ki yi ba tukuna, shi ya sa nake magana. Yaron nan ya hana idonsa barci saboda babanki. In kika buɗe baki a gabansa kika kushe masa aiki, kin kunyata shi, kin kunyata babanki. Namiji ba ya manta irin wannan."

"Mama, soron Malam ne fa."

"Ƙasa ce. Ta yi zamaninta. A garin nan samari nawa ne masu hankali da sallah irin Fatihu? Za ki kore shi saboda tubali?"

Gaskiyarta ce ta wani ɓangaren. Ba a yi mini tarbiyyar da zan katse Baba a gaban baƙo ba, ballantana baƙon da nake fatan ya zama mijina. Kuma ina tsoro, in faɗa muku gaskiya. Ina tsoron Fatihu ya naɗe takardarsa ya hau babban titin Beltway ya tafi ke nan. Amma na san in na kama bakina yau, duk ranar da na kalli fuskarsa katafila zan gani.

Bayan la'asar ya iso, cikin farar shadda da hula zanna mai ruwan toka, ya rungumo doguwar takarda a naɗe kamar mai ɗauke da jariri. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, ni kuma ya ce mini "sannu da hanya" yana kallon kafet, sai ka ce ba shi ne ya cika mini waya da saƙo tun asuba ba. Aka ci waina. Ya miƙa hannu zai warware takardar.

Sai Baba ya ɗaga hannu. "Dakata, Injiniya. Akwai rahoton da ba a ba ni ba."

Bari in yi muku bayani. A gidanmu duk wanda ya yi tafiya, ko Baltimore ya je, in ya dawo sai ya ba Baba rahoto irin na rediyo. Yana da wata 'yar jar fitila a kan teburin falo, irin wadda ake kunnawa a ɗakin watsa shiri. In ta kama ba mai magana sai mai rahoto, har shi kansa Baba. Dokokinsa ba su canzawa: ba a nuna hoto, don a rediyo da baki ake nuna abu, ba a sa ra'ayi, abin da ido ya gani kawai za a faɗa, in an gama kuma edita, wato shi, yana da tambaya guda. Muna yara mun tsani abin nan. Ranar kuwa ji na yi kamar in rungume fitilar.

"Uwata, bismillah," ya ce. Haka yake kirana, sunan Inna aka sa mini.

Mama ta galla mini harara. Na miƙe na tsaya kusa da talabijin, na gyara mayafi. Fitila ta kama.

"Daga birnin Gdansk na ƙasar Poland, Ramla Maitama ce," na fara. "Garin yana bakin tekun Baltik, tsohuwar tashar jiragen ruwa ce, ta nan hatsi da katako suke fita zuwa sauran Turai. A bakin kogin Motlawa baƙo zai ga wani baƙin ginin katako ya leƙo kan ruwa, hasumiyoyin jan bulo sun tallafe shi dama da hagu. Da shi ake sauke kaya daga jirgi a zamanin da. Babu inji a ciki, manyan tayoyin katako ne, mutane su shiga ciki suna takawa, igiya tana naɗewa, kaya suna tashi sama."

Na ga Fatihu ya ajiye kofin zoɓo. Na san an taɓo inda yake so.

"A tsakiyar gari gidajen sirara ne dogaye, sun jeru kafaɗa da kafaɗa. Wannan kore, wancan ruwan ƙwai, na gaba ruwan hoda, kowane da irin adon kansa, kamar 'yan matan amarya da suka ƙi yarda da anko. A bayansu akwai cocin Maryamu, jan bulo zalla, girmansa ya sa sai mutum ya riƙe ɗankwali kafin ya ga ƙarshensa. Mai rahoto ta hau hasumiyarsa har sama, ta ga jajayen rufin gari da jiragen ruwa daga nesa, ta sauko ƙafafunta ba sa jin magana."

Bakin Mama ya buɗe a kan maganar coci, ta kalli fitila, ta mayar ta rufe. Allah Ya saka wa wanda ya ƙera fitilar nan.

"Daga bayan cocin akwai wani siririn titi da ake kira Mariacka, ya gangara har ƙofar kogi. A titin nan kowane gida yana da dakali a ƙofarsa."

Baba ya ɗago kai.

"Dakali na dutse, mai matakala, da ɗan bango da aka yi wa sassaƙa. Masu gida a nan suke shan iska da yamma, suna gaisawa da masu wucewa. Ruwan rufi yana sauka ta indararo, shi ma na dutse, an yi masa kan dodo, in ana ruwa ta bakinsa yake zuba. A ƙarƙashin dakalan akwai ƙananan shaguna da ake sayar da amba, ciniki yana tafiya a ƙasa, hira tana tafiya a sama, ba wanda ya kori wani."

Nan ne wurin da na kwana ina bitarsa a jirgi.

"Amma abin da baƙo ba zai gane da ido ba shi ne, a ƙarshen yaƙin duniya na biyu tsakiyar garin nan kusan duka ya zama kufai. Tarin bulo ne da toka. Mutane suka shiga cikin ɓaraguzai suna tsince duwatsun dakalai ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fashe a haɗa, wanda ya ɓata a sassaƙa irinsa. Da tsofaffin hotuna da zane-zane suka mayar da fuskar gidajen yadda take. Ciki kuwa na zamani suka yi, da famfo da haske da ɗakunan da iyali za su sake. Mai rahoto ta zauna da wata tsohuwa mai sayar da sarƙar amba a kan dakalinta, tafinta yana fassarawa. Ta ce mahaifiyarta tana cikin waɗanda suka yi layi suna miƙa bulo hannu da hannu, cikin sanyi, har tafin hannunta ya tsage. Daga Gdansk, ƙarshen rahoton ke nan."

Baba ya kashe fitila. Ban ambaci Kano ba, ban ambaci Daneji ba, ban karya doka ko ɗaya ba. Amma na bar abu guda da gangan, saboda na san editana. Shekara da shekaru yana faɗa mana rahoton da bai faɗi su wane ne ba bai cika ba.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Waɗannan da suka tsince duwatsun, gidajen iyayensu ne?"

"A'a, Baba. Yawancinsu baƙi ne da suka zo garin bayan yaƙi, nasu garuruwan sun kuɓuce musu. Tsohuwar ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa ganin titin a tsaye ba, ba ta san waɗanda suka zauna a kan dakalan ba. Ta ce kawai sun ga abin ya fi ƙarfin a zubar."

Baba ya daɗe yana kallon tabarau a hannunsa.

"A kan dakalin Malam na fara jin rediyo," ya ce, ba ya kallon kowa. "Da yamma ake fito da ita, a shimfiɗa buzu, duk layin su taru. Ni nake riƙe wayar eriya, in na motsa murya ta gudu a yi mini tsawa. Hannuna ya gaji in ƙi saukewa, don kada a karɓa a ba Ilu."

Ban taɓa jin wannan labarin ba. Daga yadda Mama ta dube shi, ita ma haka.

"Injiniya, warware mu gani."

Fatihu ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya danne gefe da kofuna. Aiki ne mai tsafta, kowane layi a inda ya dace, har tausayinsa ya kama ni. Baba ya sa tabarau ya bi da yatsa.

"Ina ƙofar gida a nan?"

"Ga ta nan, Baba."

"Dakalin fa?"

Fatihu ba ya ƙarya, wannan na cikin abin da ya sa nake son sa. Ya ce, "Nan ne wurin ajiye motoci, Baba."

"Soron?"

"Matakalar bene ce ta hau wurin."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Aikinka ya yi kyau, Allah Ya yi maka albarka, abin da na ce ka yi shi ka yi. Amma ina tambayarka a matsayin injiniya. Abin da waɗancan mutanen suka yi, a bar fuska a gyara ciki, zai yiwu a namu? Zaure da soro da dakali su tsaya, abin da za a gina a gina daga baya?"

Jama'a, sai na juya na kalli Fatihu. Ya kafe takardarsa da ido. Mama ta dube ni, kallon da ke cewa ga abin da na faɗa miki nan. Na ce a raina shi ke nan, Ramla, kin ceci ƙasa kin rasa mutum. Na damƙe bakin mayafina har yatsuna suka yi zafi.

"Baba, ban san ginin ƙasa ba," ya ce daga ƙarshe. "Ban san yadda azara take ɗaukar nauyi ba, ba a koya mana ba. In na ce zan iya ni kaɗai na yi ƙarya." Ya janye kofunan, ya kifa takardar, farin bayanta ya koma sama. Ya zaro fensir daga aljihun gaba ya miƙo mini, a gaban Baba, a gaban Mama. "Amma ga wadda ta sani. Ki zana mini abin da ba za a taɓa ba, ni kuma in san yadda zan zagaye shi."

Na durƙusa a gaban teburin nan na karɓa. Na ja layin zaure, na ɗora soro da bakansa, na fitar da zankwaye, na shimfiɗa dakali daga ƙofa zuwa kwana, duk daga ka, saboda a gidan na koyi tafiya. Daɗi ya cika ni har ina jin kamar in yi guɗa. Fatihu ya sunkuyo yana kallo, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Da kin faɗa mini tun farko."

"Hotuna nawa na turo maka?"

"Na ɗauka yawon buɗe ido ne."

Baba ya riga ya danna waya, ya sa ta a fili kowa ya ji. Bayan gaisuwa da tambayar iyali da damina, ya ce, "Ilu, maganar rushewa a dakata. Ba za a taɓa zaure da soro da dakali ba. Shagunanka za a yi su ta gefen lungu, ginin kuma ta baya."

"Haba Yaya, na riga na yi magana da mai katafila fa. Wa ya juya ka?"

"Rahoto na saurara."

"Ramla ce ko? Ai na sani. Tun tana ƙarama in ta kafe sai Allah." Ya ja numfashi. "To shi ke nan, kai ne babba. Zan sa a rufa kwano a kan soron ya fitar da daminar nan. Amma bayan babbar Sallah sai wanda ya san aikin ya zo ya tsaya a kan magina da kansa. Ni ba zan iya ba, kuma wata daminar ba zai kai ba."

"Za su zo," in ji Baba. "Su biyu, ita da Injiniya."

Mama ta gyara zama. "Su biyu, Alhaji? A matsayin me?"

"Wannan tambayar ba ni zan amsa ba."

Fatihu ya zame daga kujera ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Baba, in an ba ni izini, ranar Asabar kawuna zai zo daga garin Clinton."

Na ja mayafi na rufe fuska, fensirin yana hannuna. Ta ƙasan mayafin na hango Mama tana share ido da gefen zani, ita da ta ce tubali zai kore shi.

"Ya zo mu gaisa," Baba ya ce. "Amma ni ba na ba da 'yata, ka san al'ada. Baffanta ne waliyyinta. Wurinsa manyanka na gida za su je."

Sai a lokacin na tuna wayar tana kunne, kuma mutumin da na rushe wa lissafin bene yanzun nan shi ne zai ba da aurena.

"Ina jin ku ai," muryar Baffa Ilu ta fito daga kan tebur. "Su zo, ƙofa a buɗe take. Amma Ramla, buɗe kunnenki. Auren 'yar gidanmu a ƙofar gidanmu ake ɗaura shi, a kan dakalin da kika hana ni rushewa zan zauna in ba da ke. Don haka ki zo ki gyara shi da kyau. Ranar da soron ya tsaya da ƙafarsa, ranar zan sa muku rana."